Hutun Hunturu A Bakin Bahar Maliya: Mene Ne Hukuncinsa?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya sanyi da zafi suna maye wa juna, Ya kuma shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su yi tafiya a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

A kowace shekara, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, sa'ad da ƙanƙara ta lulluɓe ƙasashen Turai da Rasha, rana kuma ta riƙa faɗuwa tun ma'aikaci bai tashi daga ofis ba, jiragen sama sukan cika maƙil da mutane su nufi wani gari da ke can ƙarshen kudancin Sina'i a ƙasar Masar, watau Sharm al-Shaikh. Abin da ke kai su kuwa shi ne ɗumin rana. A cikin Janairu zafin garin da rana yakan kai kimanin digiri 22, ruwan teku kuma bai yi sanyin da zai hana wanka ba. Sukan sauka a manyan otel-otel na alfarma, rairayin hamada da jajayen duwatsu a bayansu, Bahar Maliya a gabansu, su yi mako ɗaya ko biyu su koma gida.

A cikin masu zuwa akwai Musulmi da yawa: Misirawa daga Alƙahira, da Larabawa daga maƙwabta, da Musulmin da ke zaune a Turai, da masu hali daga sauran ƙasashe. Saboda haka tambaya takan taso: shin ya halatta Musulmi ya kashe dukiya mai yawa domin ya je ya sha hantsi a bakin teku? In kuwa ya halatta, yaya zai yi da sallarsa, da idonsa, da cikinsa a wurin da aka gina musamman domin a manta da damuwa? Wannan shi ne darasin wannan mako.

Wurin Da Tarihinsa

Kalmar "sharm" a Larabci tana nufin tsagewa, ana kuma kiran lungun da teku ta kutsa cikin tudu da wannan suna. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 babu wani gari a wurin, sai Larabawan ƙauye masu kiwo da su, galibinsu 'yan ƙabilar Muzaina. Abin da ya fara jawo hankalin duniya gare shi shi ne yaƙi, domin yana kallon mashigin Tiran, wanda dole jirgin ruwa ya bi ta cikinsa kafin ya kai tashar Aƙaba ta Jodan ko Ilat ta Isra'ila. Isra'ila ta mamaye wurin cikin 1956 ta janye, ta sake mamaye shi a yaƙin 1967, ba ta bar shi ba sai cikin Afrilun 1982, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1979. Daga nan ne gwamnatin Masar ta buɗe ƙofa ga masu gina otel, har wurin ya zama ɗaya daga cikin shahararrun wuraren shaƙatawa na duniya. A nan aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi cikin Nuwamban 2022.

Abu guda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za a komo kansa: garin ba shi da kogi, ruwan sama kuma yakan yi ƙaranci har shekara ta ƙare ba a sami wanda zai jiƙa ƙasa sosai ba.

Asalin Hukunci

Gudun sanyi zuwa ƙasa mai ɗumi tsohon abu ne a wurin Larabawa, har harshensu ya tanadar masa kalmomi. Suna kiran hunturu "shita'u", wurin da ake zuwa a yi hunturu kuma "mashta", kamar yadda suke kiran wurin da ake zuwa a guje wa zafin bazara "masif". Masu hali na Makka sukan hau Ɗa'ifa da bazara saboda sanyin iskarta. Suratu Ƙuraish ta ambaci tafiye-tafiye biyu da Ƙuraishawa suka saba yi, ta hunturu da ta bazara, malaman tafsiri kuwa sun bayyana cewa da hunturu Yaman suke nufa saboda ɗuminta, da bazara kuma Sham. Gaskiya ne fatauci ne ke kai su, amma abin lura shi ne Alƙur'ani Mai Girma ya lissafa wannan tafiya cikin ni'imomi, sa'an nan nan take ya ɗora mata umurni da bauta wa Ubangijin Ɗakin Ka'aba, wanda Ya ciyar da su Ya kuma ba su aminci. Watau ni'imar tafiya tana tafe da kuɗinta, kuɗin kuwa shi ne godiya da bauta.

Shari'a ba ta haramta hutu ba. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga wanda zai haramta ado da daɗaɗan abinci da Ya fitar domin bayinSa. Buhari ya ruwaito labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, inda Salmanu ya iske ɗan'uwansa ya ƙuntata wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa kamar yadda Ubangijinsa yake da shi, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) kuma ya gaskata Salmanu. Haka nan Muslim ya ruwaito cewa Hanzala ya zo yana tsoron ko ya zama munafuki, saboda in ya koma cikin iyali da sana'a hankalinsa yakan bar abin da ya ji a majalisin Annabi, sai aka kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa.

Saboda haka wanda ya gaji da aiki, ko tsoho mai ciwon gaɓoɓi da sanyi ke tayar masa, ko magidanci mai son faranta wa iyalinsa, in ya nufi ƙasa mai ɗumi da dukiyarsa ta halal, bai yi laifi ba. Malaman fiƙihu sun ce tafiya tana ɗaukar hukuncin abin da aka fita dominsa. Ta zama wajibi kamar Hajjin farilla, ta zama mustahabbi kamar ziyarar dangi, ta zama halal kamar fatauci, ta kuma zama haram in saɓo aka nufa. Sun kuma rarrabe tsakanin wanda tafiyarsa kanta saɓo ce, da wanda ya fita da kyakkyawar niyya sa'an nan ya faɗa wa wani laifi a hanya. Wanda ya sayi tikiti domin ya sami inda ba a san shi ba ya sha giya, yana cikin kashi na farko tun bai bar ƙofar gidansa ba.

Kuɗin Tafiya

Hisabi na farko tun a gida ake yin sa. Kafin mutum ya biya kuɗin jirgi da otel, sai ya duba ko akwai zakkar da bai fitar ba, ko bashin da lokacin biyansa ya yi, ko ma'aikacin da albashinsa ke hannunsa, ko iyaye da 'ya'yan da ciyar da su ke wuyansa. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Wanda mai binsa bashi ke zarya a ƙofarsa, shi kuwa yana kwance a bakin teku, to, da kuɗin wani yake shan hantsi. Haka kuma wanda bai sauke farali ba, alhali abin da yake kashewa a hutu shekara bayan shekara zai kai shi Makka, ya kamata ya ji nauyi ya haye Bahar Maliya zuwa ɗaya gefen tukuna.

Akwai kuma cutar zamani, watau tafiya domin a gani. Wani ba ya jin daɗin wurin da ya je sai ya ɗauki hoton ɗakinsa da akushinsa ya watsa wa duniya ta waya, domin a san ya kai. Wannan alfahari ne, yana kuma karya zuciyar maƙwabcin da ya kwana da yunwa. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da cewa suna tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa, tsakanin ɓarna da ƙwauro. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Salla A Wurin Hutu

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sun ji cewa matafiyi yana ƙasaru, sai su yi mako biyu a otel suna sallar raka'a biyu-biyu. A mazhabar Imam Malik, ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya yi tafiyar halal mai nisan mil 48, watau kimanin kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Amma da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, wanda ya ƙunshi salloli 20, to, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa. Mazhabar Shafi'i ma kwana huɗu ta ɗauka, ban da ranar shiga da ranar fita, Hanafiyya kuwa suka ce kwana 15. Galibin masu zuwa Sharm tun a gida suke biyan kuɗin kwana bakwai ko fiye, ranar komowa kuma tana rubuce a tikiti. Irin wannan mutum, in Bamalike ne, zai yi ƙasaru a hanya, amma da isarsa masauki ya zama mazauni, Azahar da La'asar da Lisha raka'a huɗu-huɗu zai yi.

Har ila yau malaman Malikiyya sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita domin wasa tsagwaronsa, suka ba da misali da mai farauta don nishaɗi kawai. Wannan ya isa ya nuna cewa gyara niyya yana da tasiri har a kan adadin raka'o'i. Wanda ya haɗa hutunsa da neman lafiya, ko kyautata wa iyali, ko duban ayoyin Allah, ya fita daga wannan shubuha.

Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu, Juma'a ma ta hau kansa in shi namiji ne mai lafiya kuma masallaci na kusa. Garin yana da masallatai, cikinsu har da Masallacin Sahabbai da aka buɗe a tsohuwar kasuwa cikin 2017. Sai kuma alƙibla. Bahaushe ya saba da kiran alƙibla gabas, har ya kan ce "ya fuskanci gabas" yana nufin ya ta da salla. A Sharm kuwa Makka tana kudu maso gabas, saboda haka wanda ya bi fitowar rana kawai ya kauce. Sai a tambayi ma'aikatan otel, domin galibinsu Musulmi ne.

Game da tsarki, ruwan teku yana halatta a yi alwala da wanka da shi. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah a madadin masu shiga teku da guzurin ruwa kaɗan, aka ba shi amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushen cikinsa kuma halal ne. Saboda haka wanda La'asar ta riske shi a cikin kwalekwale ko a bakin gaɓa ba shi da hanzari. Sallar da ta fi shiga haɗari a irin waɗannan wurare ita ce Asuba, domin an tsara dare da kaɗe-kaɗe da wasanni har tsakiyarsa, an kuma tsara safiya domin barci. Da hunturu kuma yini gajere ne, La'asar da Magariba suna bin juna da sauri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: salla guda ake fara jinkirtawa, kafin mako ya ƙare mutum ya rasa lissafin abin da ake binsa.

Ruwa Da Abinci

An ambata a baya cewa garin ba shi da kogi. To, daga ina ake samun ruwan da ke cika tafkunan iyo, da wanda ake ban ruwan korayen ciyayi da filin golf a tsakiyar hamada? Mafi yawansa daga teku ake jawo shi, a tura shi da ƙarfin inji ta cikin matatai masu ƙananan ƙofofi ƙwarai, su tare gishiri su saki ruwan daɗi. Wannan aiki yana cin wutar lantarki mai yawa, ragowar ruwan mai kaurin gishiri kuma sau da yawa teku ake mayar wa, ko a zuba shi a ƙasa. Kowace lita da baƙo ya bari tana kwarara a banza an sha wahala kafin a same ta. Masar kanta ƙasa ce mai ƙarancin ruwa. Rabonta na kogin Nilu bisa yarjejeniyar 1959 shi ne cubic mita biliyan 55.5 a shekara, jama'arta kuwa sun haura miliyan 100 tun cikin 2020, har abin da ke kan kowane mutum ya faɗi ƙasa da cubic mita 1,000, wanda shi ne ma'aunin da masana ke kiran talaucin ruwa.

Suratul Waƙi'a, aya ta 68 zuwa ta 70, ta ja hankalin ɗan Adam ga ruwan da yake sha, ta tunatar da shi cewa da Allah Ya so da Ya mai da shi ruwan zartsi. Babu inda wannan aya ke bayyana a fili kamar wurin da ruwa ya cika ido ta kowace fuska amma ba a iya kurɓar ko tafi guda sai an kashe dukiya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah yakan yi alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba, ya yi wanka da mudu huɗu zuwa biyar. Wanda ya san wannan ba zai tsaya rabin awa ƙarƙashin famfo ba, ba kuma zai sa a wanke masa tawul da zannuwan gado kowace safiya ba don kawai ya biya kuɗi.

Haka abin yake ga abinci. Tsarin da yawancin otel-otel ɗin ke bi shi ne a biya kuɗi sau ɗaya, sa'an nan a jera abinci iri-iri safe da rana da dare, kowa ya ɗiba da kansa. Sai ka ga mutum ya tula abin da mutum uku ba za su cinye ba, ya taɓa kaɗan ya tashi, a kwashe a zubar. Hujjarsa ita ce ya riga ya biya. Amma biyan kuɗi yana mallaka wa mutum abinci ne, ba ya halatta masa ɓarna. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa izinin ci da sha da hana ɓarna wuri guda, Suratul Isra'i kuma, aya ta 26 da ta 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Malamai sun ce israfi shi ne wuce iyaka a inda ya halatta a kashe, tabziri kuwa shi ne kashewa a inda bai dace ba sam. Cika ciki fiye da kima yana cikin na farko, zubar da abinci mai kyau a shara yana kusa da na biyu.

Ido, Tufafi Da Majalisa

Ba a ɓoye yake ba cewa a bakin ruwan waɗannan otel-otel ana yawo da tufafin da bai rufe komai ba, giya kuma tana cikin abin da kuɗin masauki ya ƙunsa a wurare da yawa. Umurnin runtse ido da ke Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ya hau kan maza da mata, ba ya kuma sauka don an bar gida. Al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa ce, a tudu ko a ruwa, mace kuma suturarta tana nan yadda take. An kuma ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Maganin wannan tun wurin zaɓen masauki yake farawa. Sai magidanci ya bincika tun kafin ya biya, ya nemi wurin da aka tanada domin iyali, ya zaɓi lokacin da bakin ruwa bai cika ba, kamar bayan Asuba. Ya kuma tuna cewa 'ya'yansa suna kallonsa. Yaron da ya ga mahaifinsa yana tsare salla a gida, sa'an nan ya ga ya ajiye ta tare da babbar riga da zarar jirgi ya tashi, ya koyi darasin da malamin makaranta zai sha wuya kafin ya goge. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya ba, barin tafiyar ya fi masa. Iya ruwa, fid da kai.

Masana harshen Larabci sun ce an kira tafiya "safar" ne daga asalin da ke nufin yaye lulluɓi, domin tana tone halin mutum. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa, cikin abin da ya tambaye shi har da ko sun taɓa yin tafiya tare. Hutu a ƙasar da ba mai sanin mutum jarrabawa ce ta abin da yake yi domin Allah da abin da yake yi domin idon jama'a.

Hakkin Ma'aikata

Bayan kowane ɗaki mai sheƙi akwai mai shara, da mai dafuwa, da mai wanki, da mai ban ruwan furanni. Galibinsu daga garuruwan bakin Nilu suke zuwa, su yi makonni ba su ga iyalinsu ba. Abincinsu ya dogara ga zuwan baƙi, an kuwa ga haka a fili sa'ad da masifa ta auku. Cikin Yulin 2005 bama-bamai sun kashe mutum 88 a garin, mafi yawansu Misirawa. Ranar 31 ga Oktoban 2015 wani jirgin saman Rasha da ya tashi daga Sharm ya tarwatse a sararin Sina'i, mutum 224 da ke ciki suka rasu. Ingila ta dakatar da jiragenta zuwa garin har 2019, Rasha kuma har 2021. Baƙin da suka shiga Masar, waɗanda suka kai miliyan 14.7 cikin 2010, suka ragu zuwa kimanin miliyan 5 cikin 2016, otel-otel da yawa suka rufe, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Masu kashe bayin Allah da sunan addini sun zubar da jinin da Shari'a ta haramta, na Musulmi da na baƙon da ya shigo da amana, suka kuma toshe hanyar abincin talakawa.

Wannan yana nuna cewa kuɗin mai hutu yana iya zama alheri ga wasu, in ya kyautata. Buhari ya ruwaito daga Abu Zarri cewa Annabi ya kira masu hidima 'yan'uwan waɗanda suke yi wa hidima, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Sai baƙo ya yi wa ma'aikaci sallama, ya kira shi da mutunci, kada ya daka masa tsawa don shayi ya yi jinkiri, ya kuma ba shi ihsani in zai tafi. In ya shiga kasuwa ko ya fita rangadi cikin hamada, ya sayi abin hannun mutanen wurin ba tare da ya ƙware su ba, domin su ne masu ƙasa tun kafin a aza tubalin otel na farko.

Teku Da Dutse

Babbar ribar irin wannan tafiya, ga mai hankali, ita ce dubawa. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin lura a wurare da dama, kamar aya ta 20 ta Suratul Ankabut da ta 11 ta Suratul An'am. Wanda ya sa tabarau na nutso ya leƙa ƙarƙashin ruwa a Ra'asu Muhammad, wanda Masar ta keɓe ya zama wurin kariya cikin 1983, zai ga kifaye masu launin da mai rini bai taɓa haɗawa ba, domin Bahar Maliya tana da kifi fiye da iri 1,000. Zai kuma ga murjani, wanda ido ke ɗauka dutse ne ko tsiro, alhali ƙananan halittu ne masu rai da ke gina gidajensu a hankali cikin shekaru masu yawa. An ambaci murjani a Suratur Rahman, aya ta 22, wasu masu tafsiri suka ce ƙananan lu'ulu'u ake nufi, wasu suka ce jan murjanin da aka sani. Taku guda na mai ganganci yana karya abin da aka daɗe ana ginawa, ɓalle shi don tsaraba kuma laifi ne a dokar ƙasar. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata.

A cikin tudu kuma, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Sharm, akwai Jabalu Musa, mai tsawon mita 2,285, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne Dutsen Ɗuri inda Allah Ya yi magana da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, dutsen da aka yi rantsuwa da shi a Suratut Tin. A gindinsa akwai gidan ruhubanawan Kirista na Santa Katarina, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarkin Rum Justiniyan, a cikin harabarsa kuma akwai ƙaramin masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa. Baƙi sukan hau dutsen da dare domin su ga fitowar rana daga ƙololuwarsa. Musulmi yana iya zuwa domin ganin tarihi da wa'aztuwa, amma kada ya ɗauki tafiyar ibada mai lada na musamman. A Muwaɗɗa an kawo cewa Abu Huraira ya komo daga Ɗuri, ya gamu da Basra ɗan Abu Basra al-Gifari, wanda ya gaya masa cewa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, ya kafa masa hujja da hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi domin ibada ga masallatai uku: na Makka, da na Madina, da na Baitul Muƙaddas. Wanda ya hau kuwa, kada ya tsaya jiran fitowar rana da na'urar hoto a hannu alhali bai yi Asuba ba.

Wa'azi Daga Tarihi

Gina wurin shaƙatawa a hamada ba yau aka fara ba. Sarakunan Banu Umayya sun gina fadoji masu wuraren wanka da zane-zane a hamadar Sham. Ɗaya daga cikinsu, kudu da birnin Amman, ana kiranta Ƙasrul Mushatta, sunan da ya fito daga kalmar hunturu da aka yi bayani a baya. Galibin masana suna danganta ginin ga Halifa Walid ɗan Yazid, wanda littattafan tarihi suka siffanta da son shagali, ko da yake wasu malamai suna ganin abokan gābansa sun ƙara gishiri. An kashe shi cikin 744, bai cika shekara biyu a kan mulki ba, ba a kuma gama ginin ba. Bayan shekara shida daular kanta ta faɗi. Cikin 1903 Sarkin Musulmi na Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya ba Sarkin Jamus kyautar bangon gaban fadar, aka kwashe duwatsunsa masu ado zuwa Balin.

Muslim ya ruwaito cewa wata rana yunwa ta fito da Manzon Allah da Abubakar da Umar daga gidajensu, wani mutumin Madina ya sauke su, ya kawo musu dabino da ruwa, ya yanka musu akuya. Da suka ƙoshi, sai Annabi ya gaya wa sahabbansa biyu cewa lalle za a tambaye su game da wannan ni'ima ranar Alƙiyama, daidai da abin da ayar ƙarshe ta Suratut Takasur ta faɗa. In dabino da ruwa da nama bayan yunwa abin tambaya ne, to, mai kwana bakwai a otel na alfarma sai ya tanadi amsarsa tun yana can: kuɗin daga ina, salloli 35 na makon yaya aka yi da su, me aka zubar, wa aka wulaƙanta, me kuma ido ya gani ya ƙara wa zuciya.

Allah Ya kai matafiya lafiya Ya komo da su lafiya, Ya sanya ni'imominSa su zama sanadin godiya. Allah ne Mafi sani.